Tsohon moter: gyara kafin ƙarin ƙarfi

Ɗan'uwa manomi, motarka ta daɗe tana jigilar albasa daga Galmi. Kana son a ƙara wa moter ƙarfi? Dakata tukuna.

Yawan kilomita kaɗai ba ya nuna gajiyar moter. Dubi alamu 3:

1. Hayaƙi shuɗi: zobban fistan sun cinye, man moter na ƙonewa.
2. Man moter ya koma kamar madara: ruwa na shiga cikinsa.
3. Bugu daga ƙasan moter: ƙarafan ciki sun yi sako-sako.

In ka ga ɗaya, makaniki ya auna matsin kowace silinda. In wata ta gaza, a buɗe moter a gyara. 

Moter mai rauni, ƙarin ƙarfi na kashe shi bisa hanya. Albasa kuwa ba ta jira.