Da Alƙaluma Ko Da Ido Ake Auna Ɗan Wasa?

NGURU: A gidajen kallon ƙwallo na Nguru da Gashuwa akwai gardamar da ba ta ƙarewa, watau ko da lissafi ake gane gwanin ɗan wasa, ko kuwa da abin da ido ya gani.

Masu lissafi suna da hujja babba daga Amurka, a wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da kulki. A 2002 ƙungiyar Oakland Athletics ba ta da kuɗi irin na manyan ƙungiyoyi. Sai manajanta Billy Beane ya rage dogaro da tsofaffin masu farautar 'yan wasa, ya koma ga alƙaluma, ya ɗebo waɗanda wasu suka raina da araha. Suka ci wasa 20 a jere. Amma fa da aka zo wasannin kifa ɗaya ƙwala, a zagayen farko aka fitar da su. Wannan kuwa masu lissafi ba su cika son a tuna ba.

To, a nan gida fa? Marigayi Rashidi Yekini ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, lissafi da ido duk sun yarda da shi. Matsalar tana wajen Nwankwo Kanu. Sau shida ya je gasar cin kofin Afirka, daga 2000 zuwa 2010, bai jefa ko ɗaya a raga ba ana cikin wasa. Wanda ya duba takarda kawai sai ya ce a sallame shi. Alhali shi ne a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, Brazil na gaba da 3 da 2, lokaci ya kusa cika, ya farke, ya kuma ƙara ta huɗu. Natsuwar da ya yi a wannan minti ba ta da gurbi a jadawali.

Abin da ya shafi yaran Nguru shi ne wannan: ƙungiyoyin Turai yanzu sukan fara duba alƙaluma da bidiyo kafin su tura mutum. Yaron da ke murza leda a filin rairayi bayan la'asar ba mai rubuta ƙwallayensa, balle ya ƙirga fasin da ya bayar. In har zai kai ko da Yobe Desert Stars a Damaturu, sai wani mai ido ya tsaya bakin fili ya gan shi, ya kuma yarda ya yi masa shaida.