Sauyin yanayi: abin da rediyo ke faɗa da abin da manomi ke ji

Kalmar "sauyin yanayi" ta fi shiga kunnuwanmu a lokuta biyu: idan shugabanni sun taru, kamar taron Dubai na 2023 da na Baku na 2024, ko kuma idan musiba ta afku. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, kafafen yaɗa labarai sun cika da hotunan ɓarna. Mu da ke maƙwabtaka da madatsar Tiga a Bebeji mun saurara da fargaba. Bayan 'yan makonni sai aka koma siyasa.

Irin wannan rahoto ya raba jama'armu gida biyu. Wasu na ɗaukar batun zancen Turawa ne. Wasu kuma, kuma su ne suka fi tare mu bayan sallar Juma'a, suna ganin hasashen damina shisshigi ne cikin ilimin gaibu.

A nan ne muke ganin gazawar masu gabatar da labarai, da tamu mu masu hawa mumbari. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a ƙananan hukumomi. Awon zafin teku ne da iska da tarihin ruwan shekarun baya, kamar yadda likita ke duba alamun cuta. Yakan dace, yakan kuskure, hukuncin kuwa na Allah ne. Annabi Yusuf (AS) da ya san shekarun fari bakwai na tafe, tanadin hatsi ya yi umarni da shi. Amma sau da yawa mai karanta labarai kan ce "za a yi ruwa" kai tsaye, ya yar da kalmar "ana sa ran". Idan ruwan ya yi jinkiri, manomin masara a Doguwa ko Tudun Wada ya yi asarar iri, ya kuma daina yarda.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ana ba mu labarin narkewar ƙanƙara a ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, alhali buhunan gawayi da lodin itace na fitowa daga yankin dajin Falgore a kan idonmu. Ɗalibi a Kiru zai iya bayyana ɗumamar duniya a jarrabawa, amma da wuya wani shiri ya haɗa masa ita da zaizayar da ke cin gonar mahaifinsa.