Lambar Kira a Rediyo

A ƙasashe da yawa akwai mutanen da su kan kafa ƙaramar na'urar rediyo a gida, su riƙa zance da takwarorinsu na nesa don sha'awa kawai. Kowannensu sai ya ci jarrabawa kafin hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, watau haruffa da alƙaluman da za a riƙa shaida shi da su. Farkon lamba shi ke nuna ƙasa: ta Nijeriya ta kan fara da 5N, ta Nijar kuwa da 5U.

Lambar nan aro ce, kamar gonar da dagaci ya ba baƙo. In mai ita ya bar ta, a kan ba wani, gama gajerun lambobi kaɗan ne, masu sonsu kuwa da yawa.

A Amurka lasisi shekara 10 ya ke yi. In ya ƙare ba a sabunta ba, sai a jira mai shi shekara 2 kafin wani ya nemi lambarsa. Haka a ke jira in ya rasu, sai dai ɗansa ko ɗan'uwansa mai lasisi ya na iya karɓarta nan da nan. Jiran ya kan ba wanda ya manta damar gyarawa, ya kuma hana abokan mamaci su ji lambarsa a bakin baƙo tun ba su gama juyayi ba.

Wata lambar kuwa a kan ajiye ta don tunawa. Da Hiram Percy Maxim ya rasu a 1936, sai aka ba tashar ƙungiyar da ya kafa lambarsa, W1AW. Har yau da ita ta ke kira.