HUKUNCIN KWASKWARIMAR MOTA DA FITILU MASU KASHE IDO

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi bayani a kan mas'aloli biyu da suka shafi mota, watau gyaran jikinta domin sayarwa, da kuma sauya mata fitila. Ta farko ta shafi dukiyar mutane, ta biyu kuwa ta shafi rayukansu, kuma su biyun suna cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare.

Sa'ad da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975, ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa fil. Yau kuwa galibin mutane na-hannu suke saye, wadda ake kira Tokumbo ko 'yar Kwatano. Daga cikinsu akwai waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci su a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu da araha. In sun iso, sai a nemo kayan gyara a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, mai walda ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa, mota ta fito tana ƙyalli.

To, shi gyara a kan kansa halal ne, sana'a ce mai albarka. Wanda ya miƙe lanƙwasar motarsa, ya kankare tsatsa, ya sake fenti, ya tsare dukiyarsa ne daga tozarta. Haka kuma babu laifi ga mai sayarwa ya wanke hajarsa ya gyara ta. Inda haramci yake shiga shi ne a yi kwaskwarima domin a rufe aibin da in mai saye ya sani zai fasa, ko ya rage kuɗi. Misali, a cike ruɓaɓɓen ƙarfe da fila a bi da fenti; ko a haɗa gaban wata mota da bayan wata da walda; ko a bar shasi a karkace; ko jakar iska ta fashe a rufe gurbinta babu komai ciki; ko a mayar da awon tafiya baya. Wannan shi ne malaman fiƙihu suke kira tadlisi, mu kuwa mu ce algus.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa. Ya yi masa faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Haka nan Buhari da Muslim sun kawo hani ga ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika a ruɗi mai saye. Fenti a bisa ruɓa da busasshen hatsi a bisa jiƙaƙƙe hukuncinsu ɗaya ne.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma ya bayyana shi filla-filla. Cewar da dillalai kan yi, "ga ta nan yadda ka gan ta", ba ta sauke wannan nauyi. In mai saye ya gano tsohon aibi, yana da zaɓi: ya riƙe ta haka nan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuwa hajar ta halaka saboda aibin nan da aka ɓoye da gangan, hasarar tana kan mai sayarwa, sai ya mayar da kuɗin baki ɗaya. Dillalin da ya sani ya yi shiru domin kada la'adarsa ta kuɓuce, ya yi tarayya cikin zunubin. Mai gyara kuma, in an ce masa a fili ya rufe domin a ruɗi mai saye, bai halatta ya karɓi aikin ba, gama Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan zunubi.

Shi ma mai saye ya yi hattara. Ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, su duba mota da rana. Maganaɗisu ba ya kama wurin da fila ta yi kauri a jikin ƙarfe. Motocin zamani kuma suna da lambar shasi mai harafi da adadi 17, wadda da ita ake iya binciken tarihin motar da ta fito daga Amurka.

Sai mas'ala ta biyu. Kowace fitilar mota an ƙera kwanonta ne daidai da irin ƙwan da zai zauna ciki, domin ya tattara haske ya kwantar da shi a kan hanya, ƙasa da idon mai tahowa. Ƙwan halojin da aka saba da shi wat 55 ne ko 60. In aka cire shi aka cusa na zenon ko na LED a kwanon da ba nasa ba, tushen hasken yakan kauce daga inda maƙerin ya nufa, sai haske ya watsu sama. Wasu ma har sandar fitilu suke ɗaurawa a goshin mota ko babur. Akwai kuma motocin da aka ƙera domin ƙasashen da ke tuƙi ta hagu, kamar Ingila da Japan. Nijeriya ta koma tuƙi ta dama tun watan Afrilu na 1972, saboda haka in an juya wa irin wannan mota sitiyari aka bar fitilunta, haskenta a idon mai tahowa yake ɗagawa.

Mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. In aka kashe wa direbanta ido daƙiƙa 3 kawai, ya tafi mita 75 ke nan a makance. A cikin wannan tazara ana iya samun tirela da ta lalace, ko mai keke, ko garken shanu, ko yaro mai tsallaka titi. Dattawa kuma idonsu ya fi jinkirin dawowa daidai bayan haske ya doke shi.

Hukumomi ba su bar abin haka ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta sa saɓa ƙa'idar fitila cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu, kuma fitila tana cikin abin da jami'an V.I.O. suke dubawa. A Ingila, daga 2021 aka sa irin wannan sauyin ƙwai cikin abin da ke kayar da mota a gwajin shekara-shekara. Ta fuskar Shari'a kuwa, hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa, kuma shi ne na 32 a Arba'una Hadisi. Kame cuta yana cikin haƙƙoƙin hanya da Abu Sa'id Alhudri ya ruwaito. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin maslahar jama'a.

Wani zai ce hanyoyinmu duhu ne, ga ramuka, ga 'yan fashi, dole ya ƙara haske. Bukatarsa gaskiya ce, amma ƙa'idar malamai ita ce ba a gusar da cuta da wata cuta irinta. Mafita tana nan: ya goge gilashin fitilar da ya dushe, ya sa irin ƙwan da maƙeri ya ƙayyade, ya kai a daidaita masa saitinta, musamman bayan gyaran gaban mota ko in ya yi lodi mai nauyi a baya. In yana da ƙarin fitila, ya kashe ta ya yi dim da zarar ya hango mai tahowa.

Kada kuma wanda ya kashe wa ɗan'uwansa ido ya wuce ya zaci ya kuɓuta. Risala ta ɗora lamuni a kan mai hawan dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta taka. Ƙa'ida kuwa ita ce, in wanda ya yi karon bai yi sakaci ba, wanda ya jawo sanadin kuma ya ƙetare haddi, alƙali yana iya mayar da lamunin kansa. Kisan kuskure, bisa Suratun Nisa'i aya ta 92, akwai diyya a cikinsa da kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. In babu wanda ya gan shi a duhun nan, Allah Ya gan shi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin dillalai da na kanikawa da limamai su yi wa mutanensu nasiha. Allah Ya tsarkake cinikinmu, Ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.