Wasiƙa Na Shigowa, Amma Ba Ta Fita

A wani shagon kwamfuta a garin Batsari, irin wanda ake buga takardu da cike wa ɗalibai fom, an wayi gari manhajar Outlook ta daina aika imel. Saƙonni na shigowa lafiya lau. Wanda aka rubuta kuwa sai ya maƙale a akwatin fita, da takardun mutane a jikinsa, masu su na tsaye bakin ƙofa suna jira.

Mai shagon ya kira ɗan ƙanwarsa da ya yi karatun kwamfuta. "Ɗana, sun sake ɗauke mana sabis ne?"

Tambayar tana da tushe. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, don toshe wa 'yan bindigar dajin Rugu da masu kai musu rahoto hanya. An yi watanni sai mutum ya bar garinsu kafin ya buga waya. Tun daga lokacin, komai ya tsaya sai a ce sabis ne.

Saurayin ya duba. WhatsApp na tafiya, Facebook na buɗewa, data ba ta ƙare ba. "Kawu, da sabis ne, ai da wasiƙun ma ba su shigo ba." Zargi na farko ya faɗi.

Sai aka koma kan kalmar sirri. Ya buɗe akwatin ta burauza, ya sa kalmar, ta karɓa, har ya aika saƙo ya tafi. Ya kuma lura da wani abu: idan kalmar sirri ce ba daidai ba, nan take ake mayar da kai. Ita kuwa Outlook sai ta daɗe tana juyawa, sannan ta ce uwar garke ba ta amsa ba. Ba korar saƙon aka yi ba, bai isa wurin ba ne.

Ko nauyin takardun ne? Ya rubuta kalma ɗaya tak, babu abin da ya liƙa mata, ita ma ta maƙale.

Bakin zaren ya fito ne daga Safana. Mai shagon ya je wani aiki can da laftof ɗin shagon, ya jona ta da intanet ɗin wani abokinsa, kafin ya gama gaisawa duk saƙonnin sun fice. Da ya dawo Batsari, ciwon ya dawo. Kwamfuta ɗaya, saiti ɗaya, akwati ɗaya. Hanya kawai ta bambanta.

"Kawu, me ka canza kwanan nan?"

"Ba komai. Sai dai rauta, na koma wani kamfani."

Daga nan saurayin ya san inda zai tona. Kowace uwar garke a intanet tana da ƙofofi masu lamba, daga 0 zuwa 65535, kamar yadda birnin Katsina yake ɗaya amma mutumin Batsari ta Ƙofar 'Yanɗaka yake shiga, wani kuma ta Ƙofar Ƙaura. Shafukan da ake buɗewa a burauza ta ƙofa 443 suke bi, shi ya sa saƙon da ya aika ta can ya wuce. Wasiƙu masu shigowa ta 993 suke zuwa. Da ya buɗe saitin Outlook, sai ya ga an rubuta 25 a gurbin ƙofar fita. Ya gwada ƙofofin ɗaya bayan ɗaya a kan sabuwar rautar: 25 shiru, 587 ta amsa nan take.

To wa ya rufe 25, kuma don me? Kamfanin da ke sayar da intanet ɗin ne, da gangan. Ƙofa 25 ita ce ta SMTP, ƙa'idar aika imel da Jon Postel ya rubuta a 1982, lokacin da masu intanet ba su da yawa kuma sun yarda da juna, don haka ba a gina ta da tambayar wane ne kai ba. Da intanet ta cika, masu saƙonnin damfara suka riƙa sa wa kwamfutocin mutane ƙwayar cuta, su mayar da su injin watsa dubban wasiƙu ta wannan ƙofa, mai kwamfutar bai sani ba. Idan haka ta yawaita, ƙungiyoyi irin su Spamhaus kan sa adireshin kamfanin a jerin waɗanda ake gudu, wasiƙun masu gaskiya ma a daina karɓa. Shi ya sa kamfanoni da yawa a duniya suke rufe wa kwastomominsu ita.

Ba a bar mutane babu mafita ba. Tun 1998 aka ware 587 don mai aika wasiƙa daga na'urarsa, daga baya kuma aka sa sharaɗin ya gabatar da sunansa da kalmar sirri. A 2018 aka tabbatar da 465 don wannan aikin, tare da ɓoye saƙo tun daga farko. Ita 25 aikinta ya zama tsakanin uwar garke da 'yar'uwarta. Saurayin ya goge 25 ya rubuta 587, ya zaɓi tsarin ɓoye saƙo na STARTTLS, ya kunna neman kalmar sirri. Akwatin fita ya zama fayau.

Ban ga laifin kamfanin ba wajen rufe ƙofar, dalilinsa mai ƙarfi ne. Abin da nake ƙi shi ne shirun. Wanda ya biya kuɗinsa ya cancanci layi ɗaya a takardar rauta da zai gaya masa abin da aka rufe da abin da zai yi amfani da shi. A yankin da tafiya daga gari zuwa gari take da haɗari, bai kamata mutum ya hau hanya don lamba uku ba. Kafin kamfanoni su fara faɗa, duk mai shago ko ma'aikacin ofis da imel ɗinsa ke shigowa ba ya fita, ya gwada wani layin tukuna. Idan ya tafi a can, ya buɗe saiti ya duba lambar ƙofar fita.