Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Fara Maganin Ƙanjamau da Wuri

A da, idan gwaji ya nuna mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ba nan take ake ba shi magani ba. Sai a auna ƙwayoyin garkuwar jikinsa da ake kira CD4, in suna da sauran yawa a ce ya je ya dawo. Da yawa ba sa dawowa sai ciwo ya kwantar da su. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda aka samu da cutar magani, Najeriya kuma ta bi sahu a 2016. A 2017 hukumar ta ƙara da cewa a fara cikin kwana bakwai, ko ma a ranar da aka yi gwajin idan mutum ya shirya.

Me ya sa ake gaggawa?

Ƙwayar cutar ba ta jiran mutum ya ji ciwo. Yana noma, yana cin kasuwa, ita kuwa tana cin garkuwarsa a ɓoye har tarin fuka ko gudawa mai naci su samu ƙofa. Magani yana hana ta hayayyafa. Wanda ya riƙe shan sa kullum, galibi cikin wata shida ƙwayar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganin ta. Muddin ta tsaya haka, namiji ba zai sa wa matarsa ba, mace ma ba za ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciyar aure ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna yankinmu na Arewa maso Yamma ne mafi ƙarancin masu cutar, kashi 0.6 cikin ɗari, amma wannan ba dalilin sakaci da gwaji ba ne.

Wane magani ake bayarwa?

Yawancin manya ana ɗora su kan ƙwaya ɗaya a rana, wadda ma'aikata ke kira TLD, haɗin magunguna uku: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Kyauta ake ba da ita a asibitocin gwamnati, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Mutumin 'Yandoto ko na Bungudu zai iya fara tuntuɓar babban asibitin Tsafe ko na Bungudu.

Kowa da nasa awon

Kamar yadda tela ba ya yanka yadi sai ya gwada mai riga, haka likita ke duba jikin kowa kafin ya rubuta magani.

Mai tarin fuka: ana fara maganin tarin, sannan na HIV ya biyo baya cikin mako biyu. Maganin tari na rifampicin yana rage ƙarfin dolutegravir, don haka ake ƙara wata ƙwayar dolutegravir bayan awa goma sha biyu.

Mai ciwon ƙoda: tenofovir na iya wahalar da ƙoda, sai a musanya shi, galibi da abacavir.

Mai ciwon hanta nau'in B: TLD na danne cututtukan biyu, kuma daina sha kwatsam na iya tayar da ciwon hantar.

Mai juna biyu: ana fara mata da zarar an gano a wajen awo, a ba jariri nasa na ruwa bayan haihuwa. Idan tana shan maganin ƙarin jini, ta haɗa su da abinci ko ta raba lokacinsu yadda aka gaya mata.

Yara: ana auna nauyinsu, a ba su ƙwaya mai narkewa a ruwa, a ƙara yawanta yayin da suke girma.

Akwai inda jinkiri ne daidai. Wanda ya zo da matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya ko ruɗewa, ana fara bincikar sanƙarau. In an same shi, sai a yi makonni ana maganinsa tukuna, domin gaggawa a nan na iya jawo ajali.

Hanya da azumi

Matsalar tsaro kan hana mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu fitowa ranar da aka sa musu. Wanda jikinsa ya daidaita zai iya neman a ba shi maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda. Wanda ya yi gudun hijira ya riƙe katinsa, ya kai shi asibiti mafi kusa kafin ƙwayoyinsa su ƙare, don tsallake kwanaki ne ke sa cutar ta daina jin magani. A watan azumi kuwa, ana iya mayar da lokacin sha zuwa bayan buɗa-baki ko sahur, da shawarar ma'aikacin lafiya.

Ranar farko, ku faɗi duk abin da kuke sha: maganin suga, na gyambon ciki, na farfaɗiya, har jiƙo da sassaƙe. Da wannan bayanin ne likita zai zaɓa muku abin da ya dace da jikinku.