Tafasasshen Ruwa Ba Maganin Toshewar Bututu Ba Ne

Da yawanmu in wurin wanke-wanke ya toshe, sai mu ɗora tukunya, ruwa na tafasa mu sheƙa shi ciki. To, a yi hattara.

Yawancin bututun gidajenmu na yanzu na roba ne, wato PVC. Zafin da yake jurewa bai wuce kamar digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa kusan 100 ne. Tunda hanya a toshe take, ruwan tsayawa zai yi wuri guda, robar ta yi laushi, mahaɗarta ta saki. Daga nan sai yoyo cikin bango, sai kuɗin mai gyaran famfo. Masai na tangaran kuma yana iya tsagewa.

Maiƙon ma narkewa kawai yake yi, ya gangara gaba ya sake daskarewa inda hannu ba ya kai. In kin riga kin zuba sodar buɗe bututu, kul kika bi ta da ruwan zafi, za ta iya fantsamo miki a ido.

Ki yi amfani da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ki sa rariya a bakin ramin, ragowar mai kuma a juye a gwangwani. Allah ya kiyaye mu.